Darasin wannan wata: Inshorar tafiya ga dattawanmu masu ciwo a jiki

A zangunanmu, daga Nima har Kumasi da Tamale, ba a rasa gidan da ɗa ko 'ya ke Turai ko Amurka. Idan an yi haihuwa ko aure, sai a aiko wa Hajiya ko Alhaji da tikiti. Ana shirya fasfo da biza da tsaraba, amma inshorar lafiya a kan bar wa ejan ya sayi mafi arha. Wannan takarda ce muke so mu duba tare.

Da farko, katin NHIS ɗinmu a cikin Gana kawai yake aiki. Da an tashi daga filin jirgi, amfaninsa ya ƙare. A Ingila, sashen gaggawa na duba baƙo kyauta, amma idan aka kwantar da shi, za a caje shi kashi 150 cikin 100 na kuɗin maganin. Wanda ya bar bashin fam 500 ko fiye har wata biyu, ana iya hana shi biza nan gaba. Ƙasashen Shengen kamar Jamus da Faransa da Italiya ba sa ba da biza sai da inshorar da ta kai yuro 30,000. A Amurka kuwa, kwana kaɗan a asibiti na iya cinye abin da ɗa ya tara a shekaru.

Babban abin lura shi ne ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya: hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ƙoda, asma. Ko da magani ya kwantar da shi, a wurin kamfani ciwo ne tsohon zama. Yawancin inshora mai arha ba ta biyan komai a kansa. Wasu kamfanoni na karɓarsa idan an faɗa musu, su ƙara kuɗi. Wasu kuma suna da iyakar shekaru, ko su rage abin da za su biya idan mutum ya tsufa.

Nan ne jarrabawar take. Wani zai ce, a rubuta lafiya lau don kuɗin ya sauka. To, idan dattijo mai hawan jini ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, kamfanin zai nemi bayanin likita. Da sun ga ya daɗe yana shan magani ba a faɗa ba, suna da ikon ƙin biya. Kuɗin inshora ya tafi, bashin asibiti ya hau kan 'ya'ya, ga kuma nauyin ƙarya a cikin ciniki. Musulmi ba ya ɓoye aibi a yarjejeniya.

Game da hukunci, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya ce ta halatta. Ita ce takaful, wadda kamfaninta na farko ya buɗe a Sudan a 1979. Inda aka samu takaful, ita ce gaba. Inda babu, ko doka ta tilasta, malamai da dama sun yi sauƙi saboda lalura. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Kafin a biya, mu yi waɗannan:

1. A je wurin likita ya tabbatar za a iya tafiya, ya rubuta ciwon da sunayen magunguna. Wanda ya tafi bayan likita ya hana, inshora ba ta biya.
2. A faɗi kowane ciwo, da kwanciyar asibiti, da gwaji ko tiyatar da ake jira.
3. A nemi amsar kamfani a rubuce, kada a tsaya ga maganar ejan.
4. A duba kwanakin sun rufe tafiyar duka har ranar dawowa.
5. A tambaya: idan rai ya yi halinsa, suna biyan jana'iza a can, ko dawo da gawa kaɗai? Mu da ke gaggauta binnewa, wannan ya shafe mu.
6. A sa magani a jakar hannu, a ba mai masauki lambar gaggawa ta kamfanin.

Masu zuwa Umra su sani bizar na zuwa da inshorar gaggawa, amma su ma su tambayi abin da ta ƙunsa, su tafi da isasshen maganinsu.

'Ya'ya, ku karanta wa iyayenku takardar da Hausa, layi bayan layi. Iyaye, kada kunya ta sa ku ɓoye wa 'ya'yanku ciwo. Tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.