DARASI: HOTON ASIBITI DA BEGEN HAIHUWA GA MAI SANKARAR BAKIN MAHAIFA

Nassin Karatu: Markus 5:25-34, 1 Sama'ila 1:1-8

Gabatarwa

Macen da Markus ya ba mu labarinta ta shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da abin hannunta wajen neman magani. Sa'ad da ta fito gaban jama'a ta faɗi gaskiyar damuwarta, Yesu bai tsawata mata ba. Ya kira ta 'ya, ya sallame ta lafiya.

'Yan'uwa, irin wannan mace tana zaune tare da mu a sujada, daga Kumbashi har Kontagora. Tana ganin jini bayan saduwa da mijinta, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko kuma ruwa mai wari, amma ta yi shiru. Tsoronta shi ne kada a cire mata mahaifa tun ba ta ga 'ya'ya ba.

1. Cutar da dalilinta

Sankarar bakin mahaifa takan samo asali daga ƙwayar cuta da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta wurin saduwa. Takan yi shekara 10 zuwa 20 kafin ta zama sankara, saboda haka kada kowa ya ɗora wa matarsa zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka mutu. Yawancinsu sukan isa asibiti a makare.

2. Aikin da ke barin mahaifa

A shekarar 1994 wani likita na birnin Liyon a Faransa, Daniel Dargent, ya bayyana wa duniya wata tiyata: a yanke bakin mahaifa da naman da ke kewaye da shi, a bar jikin mahaifar, a ɗaure ƙasanta da zare. Mata da yawa sun haihu bayan wannan aiki. Sai dai haihuwar takan zama ta tiyata, haɗarin ɓari da na bakwaini kuma yakan ƙaru.

3. Abin da hoto yake nunawa

Ba kowace mace wannan aiki ya dace da ita ba. Bayan an tsakuri nama an tabbatar da cutar a ɗakin gwaji, sai likita ya nemi hoton MRI. Na'urar tana aiki da maganaɗisu, ba ta yanka, ba ta zafi. Abubuwa huɗu likita yake dubawa: girman ƙarin, wanda aka fi so kada ya wuce santimita 2, wato kamar faɗin babban yatsa, zurfin shigarsa cikin nama, nisansa daga ƙofar ciki ta mahaifa, domin a sami lafiyayyen wurin ɗinki, da kuma ko ya kai kaluluwar ƙugu. Sikanin da aka saba yi wa masu ciki bai isa ya amsa waɗannan duka ba.

Idan hoton ya nuna cutar ta bazu, sai cire mahaifa ko gashi da na'ura tare da magani. A nan ran uwa shi ne gaba da kome.

4. Hakkin iyali da ikilisiya

Ba a kowane asibiti ake samun wannan hoto ko wannan tiyata ba. Daga Kumbashi mace za ta fara da babban asibitin Kontagora, daga can a tura ta inda ake jinyar sankara, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, ko Asibitin Ƙasa a Abuja. Tafiyar da nisa, kuɗin da yawa. A nan ne Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya za su nuna ƙauna a aikace. Maigida kuwa ya tuna da Elkana, wanda rashin haihuwar Hannatu bai rage ƙaunarsa gare ta ba.

Rigakafi ya fi magani. Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a Oktoba 2023, ta iso Jihar Neja a Mayu 2024. Matan aure kuma su je a duba su ko da ba sa jin ciwo, aƙalla a shekara 35 da kuma 45.

Tambayoyi

(a) Me yake hana matanmu faɗin irin wannan ciwo?
(b) Zuwa asibiti rashin bangaskiya ne? Dubi Kolosiyawa 4:14.
(c) Yaya ikilisiyarmu za ta tallafi 'yar'uwar da aka cire wa mahaifa?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba matanmu ƙarfin hali su yi magana da wuri, ka ba mazajensu zuciyar tsayawa tare da su, ka ba likitoci hikima. Cikin sunan Yesu, Amin.