Idan Jan Mai Ya Fara Ɗiga Ƙarƙashin Lagireto

Jan man da ka tarar ya ɗiga a ƙasa da safe, wajen gaban mota, ba abin da za a ce a bari sai an yi albashi ba ne. A mota mai giyar otomatik, sau da yawa man giya ne, kuma galibi yana fitowa ne daga ɗaya cikin bututu biyun da ke kai shi lagireto su komo da shi. Gyaran wannan bututu yana cikin mafi sauƙin ayyukan da ake yi wa giya. Amma na ga giya da yawa sun ƙone saboda shi, ko dai don mai mota ya yi ta ƙara mai yana ɗaga gyara, ko don an yi gyaran da tiyon da bai dace ba. Abin yana ba ni takaici, domin kuɗin tiyo da kilif bai kai na lita biyu na man kansa ba, giya kuwa kowa ya san abin da take ci.

Sai ka san aikin bututun kafin ka san haɗarinsa. A giyar otomatik mai ne ke yin kusan komai. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ta cikin konbata, shi ke matse faifan kulocin da ke ciki, shi ke shafe ƙarafa, shi kuma ke kwashe zafi. Saboda haka famfon giya yake tura shi ta bututu ɗaya zuwa wata ƙaramar ma'ajiya da ke ɓoye cikin tankin lagireto, ruwa ya rage masa zafi, ya komo ta ɗaya bututun. Muddin inji na aiki man yana zagayawa. Wato idan tiyo ya fita ana cikin tafiya, ba ɗiga zai yi ba, famfon ne zai yi ta feso shi waje, cikin 'yan mintuna giya ta bushe. In ya fesu a kan salansa mai zafi, wuta ma na iya tashi.

Tsofaffin motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas suna zuwa da wata cuta da ba a nan suka ɗauke ta ba. A arewacin Amurka da Kanada da ƙasashen Turai masu sanyi ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota. Sai ka ga jikin mota fes, amma bututun ƙarfe ya yi tsatsa daidai inda maƙalinsa ya riƙe shi, don nan ne laima ke kwanciya. Zafinmu kuma ya ƙarasa sauran, roba ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Ga duwatsun hanya, ga robobin da inji ke zaune a kansu, waɗanda in sun mutu inji yakan yi ta jijjiga yana fizgar bututu.

Kafin ka kwance komai, tabbatar man giya ne. Shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ya kwana, da safe ka duba inda ɗigon ya faɗa da launinsa. Man giya ja ne mai santsi, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa. Amma ja kaɗai bai isa shaida ba, domin tsofaffin Toyota da yawa irin man nan ake zuba musu a sitiyari, ruwan lagireton Toyota ma ja ne ko ruwan hoda. Ruwan lagireto in ka murza shi a yatsa za ka ji ruwa-ruwa ne, ba shi da maiƙo irin na mai. Na sitiyari kuwa, leƙa gwangwaninsa ka ga ko ya ragu.

Sannan a nemo ainihin inda yake fita, kuma nan ne ake yawan gaggawa. Mai yana bin jikin bututu ya gangara, iska kuma ta kora shi baya, don haka inda yake ɗiga ba lallai nan ne ramin yake ba. Bari inji ya huce, ka wanke bututun biyu da kananzir tun daga giya har lagireto, ka goge da tsumma su bushe. In ka barbaɗa musu farar hoda, ɗan danshi kaɗan ma zai nuna kansa. Ja birkin hannu, sa giya a P, ta da inji, ka haska da tocila, ka nemi wurin da ya fara jiƙewa mafi tsawo daga ƙasa. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A hau rami, ko a sa ƙafafun ƙarfe na tallafe mota. Ka kuma kiyayi fankar lagireto, tana tashi da kanta ba sallama.

In ɗigon a bakin noti ne, wajen lagireto ko wajen giya, wani lokaci ɗan ƙarin ɗauri ya wadatar. A yi shi da sufana biyu, ɗaya ta riƙe mazaunin da ke jikin lagireto, ɗaya ta juya notin. In aka juya da sufana ɗaya, ƙarfin yana iya murɗe ma'ajiyar da ke cikin tankin, a nan kuwa ƙaramar matsala ta zama babba. Akwai sufanar bututu, mai kama da zobe da aka ɗan tsaga bakinsa, wadda ke kama notin ta kusan kowane gefe. Ita ta dace, don buɗaɗɗiyar sufana kan cinye kan tsohon noti. Wasu motocin, musamman na GM, ba noti suke da shi ba, bututun cusa shi ake yi wata ƙaramar waya ta riƙe shi, da zoben roba a ciki. Irin wannan in ya fara yoyo, sabon mahaɗi ake sawa, a kuma ja bututun da hannu a tabbatar wayar ta kama.

Wurin da ya fi yawan yoyo shi ne inda roba ta haɗu da ƙarfe, wanda kamfani ya matse da hular ƙarfe. Robar da ke ƙarƙashin hular takan saki da tsufa, kuma ba ta ɗauruwa. Gyaran da ya fi kowanne shi ne a canza bututun gaba ɗaya, in ana samun sabo. Wanda aka kwance daga wata mota, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, yana yi, amma ka lanƙwasa robarsa a hannu ka duba ko ta tsage, ka kankare ƙarfen ka ga zurfin tsatsar, don shekarunsa ɗaya da naka. In ɗaya ya ruɓe, ka duba ɗan'uwansa da kyau.

In ba a samu ba, ko kuɗin ya yi nauyi, ana yanke wurin da ya lalace a haɗa da tiyo, kuma gyara ne mai ƙarko in an yi shi bisa ƙa'ida. Matsin man da ke bin wannan bututu bai kai ko kusa da na birki ko na sitiyari ba, shi ya sa tiyo da kilif ke iya riƙe shi. Sai dai ba kowane tiyo ba. Man giya yana aiki ne a zafin da ya kai digiri 80 zuwa 95, yana kuma wuce haka a cunkoson motoci ko da kaya mai nauyi. Tiyon fetur na yau da kullum da tiyon ruwa ba a yi su don wannan ba. Suna kumbura, su yi laushi, su fara ɓarewa ta ciki, ɓarɓashin ya bi mai ya shiga giya. Ka nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na man giya ne, ko mai lambar SAE J1532. Idan mai shago ya ce maka duk ɗaya ne, karanta jikin tiyon da idonka. Faɗin kuma ya yi daidai da bututun, yawanci inci 5/16 ko 3/8, wato kusan milimita 8 ko 10. Ya shiga da ɗan ƙarfi. Tiyon da ya zura ba wahala ya yi yawa, kuma kilif ba zai gyara wannan ba.

Wajen yanka, a yi amfani da abin yankan bututu mai ɗan faifai, irin na masu gyaran firji, don ba ya barin garin ƙarfe. In zarto kaɗai ke akwai, a ciro bututun daga mota, a yanka, a share bakin da magagari, a ɗauraye cikinsa, a busa masa iska. Garin ƙarfe kaɗan ya isa ya maƙale bawul a cikin giya. A yanka har sai an kai ƙarfe mai lafiya, mai sheƙi, ba a bakin tsatsa ba.

Ga matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke raba gyaran da zai daɗe da wanda zai fita a hanyar Zariya. Bakin bututun da aka yanke sumul yake, mai kuma santsi gare shi, don haka tiyo na iya zamewa komai ɗaurin kilif. Sai an yi wa bakin ɗan tudu da abin buɗa bakin bututu, kaɗan kawai, mara kaifi, yadda kilif zai tsaya a bayansa. A tura tiyon ya shige kamar santimita 4 zuwa 5, a sa kilif biyu a kowane gefe bayan tudun, kan sukurorinsu na kallon ɓangarori dabam-dabam. Kilif mai sumul ɗin ciki ya fi mai huda-huda, wanda ke yanka roba in an matse. A ɗaure har robar ta ɗan lotsa, a tsaya nan. Tiyon ya zama gajere gwargwadon iko, amma da ɗan sassauci saboda motsin inji, kada ya karye a kwana, kada ya kusanci salansa ko fanbel, kuma a mayar da duk maƙalan da ke riƙe bututu. Bututun da aka bari yana lilo zai goga wani ƙarfe har ya huje.

In tsatsar a tsakiyar miƙaƙƙen ƙarfe take, akwai mahaɗin tagulla mai noti biyu da zobba da ke matse bututu. Yana yi a nan. A bututun birki kuwa kada ka yarda a sa maka shi ko da kyauta. Jan ƙarfen masu firji ma ban ba da shawararsa ba, jijjiga na sa shi ya yi tauri ya tsage. Walda in za a yi, a ciro bututun a wanke shi tas, ba a jikin mota ba. Gam da salatif da ɗaurin robar tayar keke ba sa tsayawa gaban mai mai zafi, haka ma maganin toshe yoyo da ake zubawa cikin giya, wanda roba kawai yake kumburawa, ba ya like ramin ƙarfe.

Akwai wata dabara da nake roƙon masu mota su ƙi, wato a haɗe bakin bututun biyu da juna a tsallake lagireto. Yoyo zai tsaya, mota za ta tafi, amma man ba ya samun inda zai huce. Don a lallaɓa a isa gari mafi kusa, babu laifi. A bar ta haka a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake wuce digiri 40 a inuwa, dafa giya ne. In mahaɗin lagireton ne ya lalace, a canza lagireto, ko a ɗaura ƙaramin lagireton man giya na dabam a gaba inda iska ke bugawa. Ka kuma ja sandar auna mai ka duba. In man ya koma kamar madarar da aka zuba wa jan kala, ma'ajiyar cikin tankin ta fashe, ruwa ya shiga giya. An san Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 da wannan. Kada a ƙara tuƙa motar, domin ruwa na ɓamɓare fatar faifan kuloci.

Bayan an haɗa, sai mai. Irin man da motarka ke sha yakan kasance a rubuce jikin sandar aunawa ko a littafin mota. Camry ta 1997 zuwa 2001 Dexron III take sha, Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuwa T-IV, Accord ta 2003 zuwa 2007 kuma Z1, wanda Honda ta maye gurbinsa da DW-1. Mota mai giyar CVT nata man dabam ne sam. Sayi mai a rufe, ka buɗe da hannunka. A zuba da mazurari mai tsabta kaɗan-kaɗan, don tsakanin layin ƙasa da na sama a sandar wajen rabin lita ne kawai, mai in ya yi yawa kuma kumfa yake yi. A yawancin motoci ana aunawa ne a shimfiɗaɗɗen wuri, inji ya yi zafi yana kuma aiki, bayan ka taka birki ka bi da giya ta kowane matsayi ka komo P. Tsofaffin Honda sun bambanta, ana kashe inji ne a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Motar da ba ta da sandar aunawa, a kai wa makaniken da ya san ma'aunin noti na ƙasa.

In tiyo ya taɓa fita maka a hanya, ka ga inji na ƙara mota ba ta ja, ka sauka gefe ka kashe inji nan take. Kada a ɗaura igiya a ja ta zuwa wuri mai nisa tayoyin da ke jan motar suna ƙasa, domin famfon giya ba ya aiki in inji a kashe yake. A ɗauke ta, ko a gyara a wurin a cika mai.

Gyaran bai ƙare ba sai an gwada. Yi tafiyar minti 15 zuwa 20, ka tsaya inji na aiki, ka shafa farin tsumma a kowane mahaɗi. Ka lura ko giya na jinkirin kamawa in ka sa D ko ribas, ka kuma shinshina man, in yana warin ƙuna a canza shi. Bayan kwana biyu ko uku ka sake ɗan ƙara wa kilif ɗin ɗauri, domin sabuwar roba takan lotsa bayan ta sha zafi. Ka ci gaba da shimfiɗa kwalin nan har mako guda, kana auna mai kowace rana a wuri ɗaya.