Giya da juna biyu: abin da uwa ta sha, ɗan cikinta ya sha

Uwargida, in kin zo awon ciki za a tambaye ki ko kina shan giya. Mata da yawa kan amsa da sauri cewa a'a, alhali a zuciyarsu suna nufin ba sa shan ta kwalba. Burukutu giya ce. Haka ma pito, da ogogoro, da 'yar ledar nan da ake sayarwa a tasha, da saiwoyin da ake jiƙawa cikin ogogoro a ce maganin ciwon baya ne. Sinadarin da ke bugarwa ɗaya ne a cikinsu duka.

Yadda take isa wurin jariri

Idan kin sha, giyar kan shiga jininki, ta ratsa mabiyiya, ta bi cibiya zuwa jikin jaririn. Ba a ɗaukar lokaci mai tsawo yawanta a jininsa zai kusan kai na jininki. Hantarki tana iya narkar da ita, amma tasa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Kuma wadda ya fitar cikin fitsari tana taruwa a ruwan da yake kwance a ciki, ya sake haɗiye ta. Ke kin wartsake, shi yana nan cikinta.

A 1968 wani likitan yara a Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana kamannin yara 127 da aka haifa a gidajen mashaya. A 1973 likitoci a Amurka suka ba ciwon suna. Yaron da abin ya taɓa sosai yakan zo da ƙaramin jiki da ƙaramin kai, idanu ƙanana, leɓen sama siriri, ɗan kwarin da ke tsakanin hanci da leɓe kuma a shafe. Amma yawancin yaran da giya ta cuta fuskarsu lafiya lau take. Sai an sa su makaranta ake ganewa: ba su riƙe karatu, ba su zama wuri ɗaya, abin da aka koya musu jiya sun manta yau. A gida a yi ta dukansu ana cewa taurin kai ne, alhali ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni tun a ciki. Ana iya taimaka wa irin wannan yaro, amma raunin ba ya warkewa. Giya tana kuma ƙara haɗarin ɓari, haihuwar bakwaini da haihuwar jariri babu rai.

Babu wani ɗan ma'auni da aka tabbatar ba ya cutarwa, babu kuma watan da aka ɗauke miki. Ƙwaƙwalwar jariri tana girma tun daga makonnin farko har ranar haihuwa. Wannan yana da daɗin ji ta wani gefen: ko a wata na shida kika daina, sauran watannin riba ce gare shi. Wadda ta sha kafin ta san tana da ciki kada ta tsorata, ta daina yau ta kuma gaya wa likita.

Masu cewa baƙar giya da madara tana ƙara jini ba su da hujja. Ƙwayoyin ƙarin jinin da muke ba ki, da wake, kifi, nama, zogale da alayyafo su ne ke wannan aiki. Burukutu ma ba ta kawo ruwan nono. Tana rage shi, ta kuma bi nonon zuwa cikin jariri.

Kunya ita ce babbar matsala

Da yawa daga cikin matan da muke gani masu zuwa sujada ne, wasu har suna waƙa a zumuntar mata. Sun san ikilisiya ta ɗauki buguwa a matsayin zunubi, sun kuma ji labarin matar Manowa, uwar Samson, a Littafin Mahukunta sura 13, wadda aka hana shan ruwan inabi da abin sa maye tun tana ɗauke da cikinsa. Ba wa'azi ne ya yi musu ƙaranci ba. Tsoron a sa su ƙarƙashin horo ne ke sa su ɓoye, ɓoyewar kuma ita ke ciyar da jarabar. Mace ta yi kuka ta tuba ran Lahadi, ran Laraba miji ya dawo da faɗa, ko babu abinci a gida, ta koma gidan burukutu, sai ta yanke cewa Allah ya gaji da ita.

Komawa bayan an daina abu ne da muka saba gani, ba ya nufin tubanki na ƙarya ne. Jikin da ya saba da giya yana nemanta kamar yunwa. Ki ci gaba da addu'a, ki kuma zo asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba. Abin da kika gaya wa ungozoma ko likita sirri ne, ba za a kai shi wurin fasto ko surukarki ba. Ki zaɓi mutum guda mai riƙe amana, ko matar fasto ko wata dattijuwa a zumunta, wadda za ki iya nema a daidai lokacin da sha'awar ta taso. Ki lura da lokacin da take taso miki, ko ranar kasuwa ce, ko wurin biki ko makoki, ki shirya kununki tun daga gida. Wadda sana'arta dafa burukutu ce ta bar wa wata ɗanɗanawa.

Maigida, ba za ka zauna da ƙoƙo a hannu kana ce mata ta daina ba. Fitar da giya daga gidan, ka rako ta awo. Iyaye da dattawan ikilisiya, wadda ta buɗe baki ta faɗi damuwarta a rufa mata asiri, domin in aka tona ta, ta bayanta ba za ta faɗa ba.

Gargaɗi ga mai sha kullum

Idan kina sha kowace rana, ko hannunki yana rawa da safe sai kin kurɓa, kada ki yanke shan farat ɗaya a gida, ko da azumi da addu'a kika ɗauka. Cikin awa 6 zuwa 24 za a iya fara rawar jiki, gumi da amai, daga baya jijjiga ko ruɗewa, abin da kan iya kashe uwa da ɗa. Ki zo a kwantar da ke a janye ki a hankali da magani. Haka ma mai shan tiramadol ko kodin. Ki taho da katin awonki, da kwalba ko ledar abin da kike sha domin likita ya gani.