Darasi: Fashin Makaranta da Nauyin da ke Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan karo a kan fashin makaranta ne, wato yaro ya kasance an rubuta sunansa amma wurin zamansa a aji babu kowa.

Mu da muka yi karatun allo mun san ba a wanke allo sai an biya. Haka karatun lakkol da na madarasa: darasin yau a kan na jiya yake zaune. Wanda ya yi fashin mako biyu zai tarar an wuce shi, kunya ta hana shi tambaya, ya ƙara fashi, har ya bari gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan Matameye mun san ta inda tsagewar take. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, daidai lokacin girbin gero da cirar gyaɗa, sai a riƙe yaro a gona. Ranar kasuwa a ɗora wa yarinya talla. Mafi muni shi ne tafiya da yara bara ƙasashen waje. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a cikin sahara arewa da Arlit, 52 daga ciki yara ne. Ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya, akasarinsu kuwa daga ƙasarmu ta Kance suka fito. Allah ya jiƙansu.

Dokar tsarin ilimi ta Nijar ta 1998 ta tabbatar da cewa ilimi hakki ne na kowane ɗan ƙasa. A watan Disamba na 2017 kuma aka sa hannu a kan dokar kare ƴa mace domin ta ci gaba da karatu har shekara 16. Amma tun kafin hukuma, shari'a ta sanya ɗa amana a hannun mahaifinsa, kuma za a tambaye shi a kanta.

To, yaya za a yi? Ga shawararmu.

Na farko, a bambance uzuri da sakaci. Rashin lafiya ko rasuwa uzuri ne, sai dai uba ya sanar da malami tun ranar. Talla da aike da aikin gona a yi su bayan an taso, ko ranar hutu.

Na biyu, malami ya kira suna kowace rana. In yaro ya kwana uku ba a gan shi ba, a aika gida. Kada a jira ƙarshen wata.

Na uku, a tambayi dalili kafin a tsawata. Wani yunwa ce ta hana shi, wani rashin littafin rubutu, wani tsoron bulala. Bulala ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na huɗu, in abin ya yawaita, kwamitin kula da makaranta da mai unguwa da liman su sami uban a asirce, ba a bainar jama'a ba. In talauci ne, masu hali su taimaka.

Na biyar, kora ita ce matakin ƙarshe, domin wanda aka kora saboda fashi, an ba shi abin da ake tsoro ne. Wanda ya dawo a karɓe shi, a maimaita masa abin da ya wuce shi.

Malamai kuma su ji tsoron Allah: malamin da ke fashi ba shi da bakin yi wa ɗalibi faɗa.

Saboda haka kowannenmu ya tambayi ɗansa yau da dare abin da aka karantar da shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu sauke amana. Wassalamu alaikum.