Me Ke Sa Mutum Ya Bi Taro Alhali Zuciyarsa Ba Ta Yarda Ba?

Wani mutum daga Zurmi yana tambayar dalilin da ke sa mutumin kirki ya shiga sahun masu yi wa ƙabila guda kuɗin goro, alhali ya san na gari a cikinta.

Masana halayyar ɗan Adam suna danganta wannan da bin taro, wato mutum ya karkata ra'ayinsa domin ya dace da na jama'a, ko da idonsa ya nuna masa akasin haka. A 1951 Solomon Asch ya gwada hakan a Amurka, inda ya sa mutane kwatanta tsawon layuka a gaban abokan zama da aka shirya su ba da amsar ƙarya, sai kusan kashi uku cikin huɗu suka bi su aƙalla sau ɗaya. Da aka sami mutum guda ya faɗi gaskiya, sai bin ya ragu ƙwarai.

A arewacin Zamfara, inda satar shanu da hare-haren 'yan bindiga da ramuwar 'yan sa-kai suka raba Bahaushe da Bafulatani, lamarin ya fi muni, domin wanda ya buɗe baki a majalisa ya kare makiyayin da ya daɗe yana sayen nono a rugarsa yana tsoron a kira shi infoman 'yan bindiga, sai ya yi shiru, shirun kuma a ɗauke shi amincewa.

Gordon Allport ya bayyana a 1954 cewa cuɗanya bisa daidaito tana rage ƙyama, sai dai rufe kasuwannin mako da gwamnatin jihar ta yi a 2021 saboda tsaro, har da ta Shinkafi, ya toshe wurin da ɓangarorin biyu suka saba haɗuwa su yi ciniki ido da ido.