Jitar Miliyan Biyu a Hannun Mai Gyaran Rediyo

Wani yaro da ke kaɗa jita a coci da wuraren biki nan Jos ya shigo shagona da jitarsa naɗe cikin bargo. Bargo fa, ko akwati babu. Ina warwarewa na ga irin masu tsadar nan ce da kamfanonin da aka sani da kayan arha suka fara fitarwa: jikin mahogani, wuya manne da gam, aiki mai tsabta. Babur ɗinsa ya sayar, ya haɗa da kuɗin adashe, wani ɗan uwansa ya taho masa da ita daga Ingila cikin damina.

Ta yi masa aiki lafiya lau har hunturu ya shigo. Katako ya sha bushewa, wuya ya ɗan rusuna, tsirkiya ta yi sama tana wuyar dannawa, bakin firet ya fito yana kartar masa yatsu. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san abin da ake gani ke nan kowace shekara daga Disamba zuwa Fabrairu. Aikin rabin awa ne. Ka sassauta tsirkiya, ka juya sandar cikin wuya kwata, ka bar ta ta zauna, ka goge bakin firet da ƙaramin magagari.

Shi kuwa sai ya kai wa mai gyaran rediyo na unguwarsu, wai don ya taɓa lika masa wayar amfilifaya. Mutumin ya zura alankin da ba girmansa ba, ya murɗa har kan noti ya cinye. Da ya ga ya cinye bai tsaya ba, ya faɗaɗa ramin, ya kama da filaya ya ci gaba da murɗawa har sandar ta tsinke a ciki. Ya bi bakin firet da magagarin kafinta, ya karce farin gefen wuyan tun daga sama har ƙasa. Duk wannan ganganci ne da rashin sani, na iya haɗiye shi. Da na kwance fikof ne raina ya ɓaci sosai. Ƙirar Amurka ya kamata in tarar, su ne ma rabin dalilin tsadar jitar. Na tarar da wasu marasa suna, an lika su da dalma dunƙule-dunƙule, an naɗe da salatif. Na tambayi yaron ko wani ya taɓa buɗe ta ban da mutumin nan, ya ce babu.

Ya zauna a kan benci ya yi shiru. Can ya ce, "Maigida, dama tun farko asarar kuɗi na yi ko? Abokaina sun ce da na ƙara kaɗan na sayi ta babban kamfani."

Na ce masa, "Ƙanena, jitar ba ta cuce ka ba. Wanda ka kai wa ne ya cuce ka, kai ma ka taimaka masa."

Tambayar tasa ana yawan yi mini ita, kuma tana da tushe. Tun 1957 Epiphone ke ƙarƙashin Gibson, Fender kuma ta fito da jitocin Squier a 1982, kuma mutane sun saba ɗaukar waɗannan sunaye a matsayin na mai koyo. To a 2023 Epiphone ta fitar da Les Paul irin ta makaɗi Kirk Hammett a kan dala 1,499, a 2024 ta biyo da jerin Inspired by Gibson Custom, Les Paul ɗin cikinsu dala 1,299, da fikof ƙirar Gibson ta Amurka, jitar kuwa a China aka haɗa ta. A canjin shekarar kusan naira miliyan biyu ke nan, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan ba.

Na buɗe irin waɗannan da hannuna, kuma zan faɗi gaskiya: kuɗin yana ciki. Fikof mai kyau, folum mai kyau, firet a daidaice, katako an zaɓa. Haka PRS SE da ake ƙerawa a masana'antar Cor-Tek da ke Indonesiya. Masu cewa duk abin da ya fito daga China ko Indonesiya tarkace ne, yawancinsu ba su taɓa kwance murfin bayan jita ba. A cikin hayaniyar biki, ta sifikun da muke da su, ba mai bambance ta da wadda ta ninka ta kuɗi.

Inda take cin mutum shi ne ranar sayarwa. Mai saye sunan da ke kan jitar yake karantawa, ba ya tambayar abin da ke cikinta. Ka ce masa fikof ɗin na Amurka ne, ya ce maka ai Epiphone ce. Fender ƙirar Meziko ta hannu, ko Gibson Studio da aka ɗan mora, sun fi riƙe kuɗinsu nesa ba kusa ba.

Saboda haka: in don ka kaɗa ta shekaru za ka saya, ta cancanci kuɗinta. In kana tunanin sayarwa ranar da ka shiga matsi, bar ta. In bayan ka biya ba ka da kuɗin akwati mai tauri da na saiti a wurin wanda ya iya, ba ka kai sayenta ba tukuna. Sayi Squier Classic Vibe, ka zuba sauran a amfilifaya.

Kuma ku dubi irin wuyan kafin ku biya. Wuya mai noti huɗu irin na Stratocaster, in ya lalace a kwance shi a sa wani. Ba banza ba za ka ga makaɗan Agadas da ke yawon biki cikin ƙura da zafi sun fi riƙon wannan ƙira, har Mdou Moctar ita yake kaɗawa. Wuya mai gam kuwa, in sandar ciki ta tsinke sai an ɓamɓare allon firet ɗungurungum da zafi, a sa sabuwa, a mayar, a sake daidaita firet. Abin da ke jiran jitar yaron nan ke nan, kuma kuɗin aikin da na sabbin fikof zai sayi wata ƙaramar jita sabuwa fil. Irin wannan ƙirar kuma kanta ba ya jure faɗuwa. Ku daina jingina ta da amfilifaya, ku daina goya ta a babur cikin jakar yadi.

Kada ku kai jita wurin mai gyaran rediyo. Iya lika waya daban, sanin katako daban. Wanda ya ɗauko filaya zai taɓa sandar wuya, karɓe kayanka ka fita. Kafin ka bar jita a hannun kowa, har ni, kwance fikof ka ɗauki hoton bayansu da lambar da ke bayan kai, a gabansa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Jabu ma sun cika kasuwa, har da tambarin Gibson a kai. A boot ɗin mota kuma kada a bar jita da rana. Da hunturu ta kwana cikin akwatinta a rufe, da ɗan soso mai danshi a cikin robar da aka huda, kada ya taɓa katakon. Kuma na sake faɗa, juyin sandar nan kwata ne, sai a jira kwana ɗaya a duba. In ta yi tauri ta ƙi juyawa, a tsaya a kawo ta.