Filin Kimiyya: Idan Na'urar Ƙyanƙyasarku Ta Ƙi Riƙe Zafi

Darasin wannan mako na waɗanda suka haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai ne da hannunsu, musamman 'yan kulob ɗin JETS. A Bakori da wuya ka shiga gida ba ka ga kaji ko zabi ba, kuma kowa ya san kuɗin kiret ɗin ƙwai ba abin wasa ba ne. Ƙwan kaza yana son zafi digiri 37.5 har kwana 21, na zabo kuwa kwana 26 zuwa 28. Idan zafin ya wuce 40 ya daɗe a haka, ɗan tsakon ya mutu a ciki, kuma ba za ku gane ba sai ranar da kuka zuba ido shiru.

Abin da ke tsaron wannan zafi shi ne tamostat. Irin wanda muke haɗawa yana da tamista mai jin zafi, da LM358 mai kwatanta wuta biyu, da tiransisto BC547, sai rile mai bolt 12 da ke kunna ƙwan fitila yana kashewa. Duk ana samunsu wajen masu gyaran rediyo a Funtua ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Kafin komai, ku zare wutar gari. Gefen rile da ke ɗauke da bolt 230 yana kisa. Kada ɗalibi ya taɓa shi sai malami na tsaye.

Ku fara da batir, domin sau da yawa nan cutar take. Ku ɗora mita tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4 na LM358. Idan wutar ta faɗi ƙasa da bolt 9, rile ba zai iya jan kansa ba, kome kyan haɗinku. Sannan ku cire tamista ku auna shi shi kaɗai. Na om 10,000 yana nuna hakan ne a digiri 25. Ku matse shi da yatsu, lambar za ta riƙa sauka, a zafin ƙyanƙyasa ta kai wajen 6,000. In ba ta motsa ba, ko dai ya mutu ko dalmar da kuka liƙa ta saki.

Wani lokaci na'urar takan yi aiki a juye: akwati na zafi fitila na kunne, ya huce ta mutu. Wannan ba aljanu ba ne, wayoyin ƙafa ta 2 da ta 3 aka musanya. A mayar da su, shi ke nan.

Matsalar da ta fi ba mutane haushi ita ce rile ya riƙa ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar keken ɗinki. Dalili shi ne, da zafi ya kai daidai inda kuka saita, wutar ƙafafun biyu takan zo kusan ɗaya, sai LM358 ya rasa gefen da zai tsaya, ya yi ta kunnawa yana kashewa. Maganinsa razista guda mai om miliyan 1 daga ƙafa ta 1 zuwa ta 3. Ita ce ke sa tazara tsakanin wurin kashewa da wurin kunnawa, kamar rabin digiri a irin haɗinmu. Wasu suna barin ƙarar, wai ai tana aiki. Mu dai ba mu yarda ba, domin bakin rile yana cinyewa, wata rana ya manne.

Mannewar nan ita ce mai dafa ƙwai. Haka kuma idan babu dayod 1N4007 a kan nadin rile: duk sanda wuta ta yanke, nadin yakan harbo wuta mai ƙarfi baya, ta ƙone tiransisto, shi kuma sau da yawa yakan mutu a kunne. Ku sa dayod ɗin, gefe mai zobe yana kallon wayar bolt 12.

Akwai kuma laifin da ba na haɗin ba ne. Tamista ya zauna daidai saman ƙwai, nesa da fitila, in ba haka ba zafin fitila yake aunawa. Ƙwan LED ba ya dumama akwati, sai mai zare, kamar na wat 60. Don saitawa, ku ajiye ma'aunin zafin jiki irin na asibiti a tsakiyar tire, ku bar akwatin ya yi kwana guda ba ƙwai, kuna rubuta abin da ya nuna safe, rana da dare.

Ku tuna tamostat kashe fitila kawai ya iya, ba ya sanyaya komai. A Afrilu, da zafin rana kan kusanci digiri 40, ɗaki mai rufin kwano zai wuce abin da ƙwai ke jurewa ko da fitila a kashe take. Ku kai akwatin ɗakin ƙasa mai inuwa. Da hunturu kuwa dare ne abin tsoro, ga bushewar iska, don haka a lulluɓe akwatin da bargo ba tare da toshe ramukan iska ba, kuma kada kwanon ruwan ciki ya ƙafe.

Mai son a duba masa haɗinsa ya kawo shi ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi, tare da zanen da ya bi.